Ganyen lemo ya yi ɗorawa? Ga yadda za ka taimaki saiwa ta sha ƙarfe

Shekara ta uku da na dasa lemon tsami a garkata, nan bayan garin Tawa, sai sabbin ganyen suka fara fitowa ruwan ɗorawa, jijiyoyinsu kaɗai ke tsanwa kamar an zana da alƙalami. Na ƙara ruwa, abin ya ƙaru. Wani dattijo maƙwabcina ya ce, "Ɗana, bizne masa tsofaffin ƙusoshi." Na bizne har cikin gwangwani guda, shiru.

Kafin ka sayi komai, duba wane ganye ne ya canza. In na ƙasa ne, tsofaffi, suka yi ɗorawa gaba ɗaya, yawanci yunwar taki ce irin wadda takin zamani na ire ke magani. In na tsiro ne, na can kan reshe, jijiya tsanwa tsakani ɗorawa, to yunwar ƙarfe ce. Shuka ba ta iya kwaso ƙarfe daga tsohon ganye ta kai wa sabo, kuma ba a haɗa tsanwar ganye sai da shi.

Ƙarfe kuwa ba ƙarancinsa muke ba. Dubi jajayen duwatsun Adar. Sai dai yana nan a matsayin tsatsa, wadda ba ta narkewa a ruwa, saiwa kuma abin da ya narke kawai take sha. Shi ya sa ƙusoshina ba su yi komai ba, tsatsa na ƙara wa tsatsa. Lemo, tumatir, gujiya da wake, saiwarsu tana fitar da tsami ta narkar da tsatsar da ke kewaye da ita, ta juya ƙarfen zuwa irin da take iya haɗiya, sannan ya shiga ta wata ƙofa a fatar saiwar. Hatsi, dawa, masara da alkama dabararsu daban. Suna sakin wani sinadari da ke cafke ƙarfen, su janyo shi ciki tare da sinadarin. Wani masanin Japan, Takagi, ya bayyana wannan a 1976.

To ƙasarmu a wurare da yawa tana da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza. Shi ke kashe tsamin da saiwa ta fitar tun bai yi aiki ba. Ma'aunin tsamin ƙasa, pH, yana hawa in tsami ya ragu, kuma duk hawa ɗaya, narkewar ƙarfe na raguwa kusan sau 1,000. Gwajinsa ba wuya: ɗebo busasshiyar ƙasa daga gindin itacen, zurfin taƙi guda, ka ɗiga mata binegar irin na salati. In ta yi kumfa tana sa ƙara, akwai farar ƙasa. Tawa ta yi kumfa kamar an buɗe kwalbar lemon kwalba. Mai son cikakken awo, INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na gwajin ƙasa a Yamai.

Abu na farko, rage ban ruwa. Nan na fi yin kuskure, kuma nan masu injin ban ruwa suka fi yi. Ruwa in ya kwanta a gindi, saiwa ba ta numfashi, ƙananan saiwoyin da ke aikin tsamin su mutu, farar ƙasar kuma ta ƙara narkewa ta toshe hanya. Tura yatsa cikin ƙasa, in da danshi ka bari sai gobe. Ka daina zuba tokar murhu a gindin lemo, toka ƴar'uwar kanwa ce. Takin zamani mai fosfat ma in ya yi yawa yana ɗaure ƙarfe. Ka sa takin awaki da ya ruɓe sosai, a kewaye daidai inda inuwar rassa ta tsaya, ka rufe da kara.

Wannan gyara yana ɗaukar watanni. Kafin nan sai feshi. Nemi garin ƙarfe mai narkewa a ruwa da ake rubuta wa sulfate de fer, ka jiƙa giram 5 a lita guda, wato giram 75 a famfon goyo mai lita 15. Matsa lemon tsami biyu a ciki don kada ruwan rijiya ya maida shi ja tun cikin famfo. Fesa da marece, ban da tsakar rana, don yana ƙona ganye. Fara da reshe ɗaya. Cikin kamar mako guda za ka ga ɗigo-ɗigon tsanwa inda ruwan ya sauka. Duk tsiron da ya fito daga baya sai an sake fesa masa.

In a gindi za ka zuba, nemi takin ƙarfe na leda, ka duba jikinta ka ga an rubuta EDDHA. Mai EDTA ba ya jure ƙasa irin tamu, asarar kuɗi ce. Na EDDHA yana da tsada, yana maida ruwa ja kamar zoɓo, ka bi awon da ke jikin ledar. Ni sau ɗaya nake sa shi, lokacin da itatuwan suka fara sabon tsiro.