Yadda Ake Fahimtar Kalmar "Perfect" da Amfani da Ita

Ɗalibai da yawa sun haddace cewa "perfect" tana nufin marar aibi, suka tsaya a nan, alhali kuwa kalmar ta fi haka faɗi. Tushenta kalmar Latin ce, "perfectus", wato abin da aka yi har aka kai ƙarshensa, kuma ta shiga Turanci ne ta hanyar tsohon Faransanci. Wanda ya riƙe wannan ma'ana ta kammaluwa, sauran ma'anonin ba za su ba shi wuya ba.

Ka fara da furuci, domin a nan Bahaushe ya fi tuntuɓe. Hausa ba ta raba p da f, ita kuwa wannan kalma ta haɗa su duka biyun. Wajen faɗin p, ka haɗa leɓɓanka ka sake su da iska. Wajen f kuma, ka ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Idan siffa ce, ana ƙarfafa gaɓar farko, amma idan aikatau ce mai nufin a kyautata abu har ya zama babu gyara, sai ƙarfin ya koma gaɓa ta biyu. Ka kuma kula wajen rubutu, kada ka sauya wa haruffa wuri ta koma "prefect", wato shugaban ɗalibai a makaranta.

Daga nan sai ka dubi abin da kalmar ta raɓa kafin ka fassara ta. Idan ana maganar aiki ko kaya, ma'anarta babu aibi, babu tangarɗa. A gasar Olamfik ta 1976 a Montreal, Nadia Comaneci, 'yar wasan motsa jiki (gymnastics) daga Romaniya, ta samu maki 10 cif, abin da ake kira "perfect ten", har allon maki ya nuna 1.00 saboda ba a tsara shi ya nuna goma ba. Idan kuwa tela ya ɗinka maka riga aka ce "a perfect fit", ba kamala ake nufi ba, ta zauna maka daidai wa daida ne. Haka nan idan ka ce wa Bature za ka zo ƙarfe huɗu ya amsa da "Perfect!", kada ka ɗauka yabo ne, "ya yi" kawai yake nufi.

Akwai amfanin da ya fi rikita masu koyo, inda kalmar take zama ta ƙarfafawa kawai. "A perfect stranger" ba baƙo kamili ba ne, mutum ne da ba ka taɓa sani ba sam, kamar yadda "perfect nonsense" ke nufin shirme tsagwaronsa. A ganina, nan ne ake gane wanda ya iya fassara da wanda ƙamus kawai ya buɗe. "Nobody is perfect" ma ba ta buƙatar dogon bayani, tunda muna da "mutum tara yake, bai cika goma ba".

A nahawu, "present perfect" ba lokaci ne marar aibi ba. Tsohuwar ma'anar nan ce ta kammaluwa, shi ya sa "I have eaten" take nufin na riga na ci. A lissafi kuma 6 "perfect number" ce, domin 1 da 2 da 3, waɗanda suke raba ta ba saura (ban da ita kanta 6), in an tara su 6 suke bayarwa.

Wasu malamai suna hana a ce "more perfect", a bisa hujjar cewa abin da ya cika ba ya ƙara cika. Hujjar tana da ƙarfi, sai dai gabatarwar kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 ta ce "a more perfect Union". Duk da haka, a jarrabawa ko wasiƙar ofis ka rubuta "almost perfect" ko "nearly perfect", domin babu mai duba takarda da zai ja maka layi a ƙarƙashinsu.