Idan Alhaji ya dawo, a bari ya huta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu shirin tarbar alhazai, don Allah mu tausaya musu. Wanda ya wuni a Arafa cikin ƙunar rana, ya kwana a fili a Muzdalifa, ya yi ta kai da komo a ƙafa tsakanin tantin Minna da wajen jifa, a galabaice yake dawowa. Da mahaifiyata ta sauka, dugaduganta duk sun tsage, ga tari mai hana barci, amma 'yan sannu da zuwa ba su bari ta runtsa ba har tsakar dare. Har yau abin yana damuna.

A tsayar da lokacin gaisuwa, ko daga la'asar zuwa magariba, a sa mutum ɗaya ya riƙa raba dabino da zamzam a ƙananan kofuna, tunda jarkar lita 5 ce kawai. Rabon tsaraba ya jira.

In tari ya haɗu da zazzaɓi ko sarƙewar numfashi cikin kwana 14 da dawowa, a garzaya asibiti, a shaida wa likita daga Saudiyya aka dawo.