Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen ɗora sola mai lanƙwasa a jirgin filafili

Da zarar watan Oktoba ya kama, tashar ƙananan jiragen ruwa ta Las Palmas da ke tsibiran Kanari takan cika maƙil da jiragen filafili masu shirin ƙetare Atlantika. Daga nan ayarin ARC, wato taron jiragen filafili da ke ƙetare Atlantika tare duk shekara, ke tashi wajen ƙarshen Nuwamba, al'adar da aka soma tun 1986, kuma tafiyar zuwa Sent Lusiya ta kai mil 2,700 na teku, wato kusan mako uku babu inda mutum zai jona waya da wutar gari. A waɗannan makonni ne kowa ke tunawa batirinsa ba zai kai shi ba. Sai a ruga a sayo farantin sola mai lanƙwasa, don ba shi da nauyi, ba ya buƙatar a ƙera masa ƙarfe, kuma mai kanti ya ce ko'ina za a iya manna shi. Bakina ya gaji da faɗin magana ɗaya ga sababbin masu jirgi da yaran da ke koyon aikin wuta, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta.

Tun wurin lissafi ake fara ɓata. Mutum ya ga an rubuta wat 100 a kwali, sai ya ninka da awannin rana, ya ɗauka ya gama da matsalar wuta. Ai wat 100 ɗin nan a ɗakin gwaji aka auna shi, haske ya daki farantin tsaye, zafin ƙwayoyinsa na digiri 25. A jirgi kuwa farantin kwance yake, jirgin na tangaɗi, inuwa na yawo. Ni idan ina lissafi, farantin wat 100 ba na ɗora masa fiye da 25Ah (wato kamar amfiya ɗaya na tsawon awa 25) a yini a batirin bolt 12, kuma in ya ba da haka na gode masa. To, firji kaɗai a ƙasa mai zafi yakan sha 40 zuwa 60. Na'urar da ke riƙe tuƙi, in tana jan amfiya 3 dare da rana, ta cinye 72. Ba a zo kan fitilu da rediyo da allon taswira ba. Ka zauna da takarda ka tara abin da jirginka ke ci kafin ka taka ƙofar kanti.

Babban kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ake fahimtar lanƙwasar nan. Mutane sun ɗauka tunda yana lanƙwasuwa, to ya yarda a riƙa lanƙwasa shi kullum. A'a. Ƙwayoyin da ke ciki silikon ne, irin wanda ke cikin farantin gilashi, kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, kuma karyewa suke yi kamar ɓawon ƙwai. Abin da masu ƙera shi ke nufi shi ne a lanƙwasa shi sau ɗaya, kaɗan, ya bi tudun rufin ɗakin jirgi, ya zauna a haka har ƙarshen ransa. Yawancinsu ba su yarda a wuce baka mai digiri 30 ba. Amma me ake yi? A ɗauko shi a ɗinka a kan rumfar tamfol da ke saman wurin tuƙi, tamfol ɗin ya saki, iska ta yi ta kaɗa shi dare da rana. Kowace kaɗawa lanƙwasa ce. Tsagar da ke shiga ƙwaya ido ba ya ganinta, farantin yana nan fes, sai dai wutarsa ta yi ta raguwa har wata rana mita ta nuna rabin abin da aka saba gani.

Wannan ya taɓa cin kuɗina, kuma ba kaɗan ba. Wani dattijo Bafaranshe ya ba ni aikin faranti biyu a kan rumfarsa. Wuri ya ƙure, sai na bar ɗaya ya hau kan bututun ƙarfen da ke riƙe rumfar ta tsakiya, ina ganin ai tamfol ya raba su. Ƙarfen nan ya zama wurin karya: rabin farantin na sauka ta nan, rabi ta can, ƙwayoyin da ke kan layin suka tsattsage. Ita kuwa ƙwaya in ta tsage ba shiru take yi ba. Wutar sauran takan matsa ta bi ta ɗan wurin da ya rage, wurin ya yi zafi. Robar baya ta narke, ta ƙona tamfol ɗin ta bar rami, Allah ne ya kiyaye gobara ba ta tashi ba. Faranti da ɗinkin rumfa duka daga aljihuna suka fita. Har yau in na bi ta gefen jirgi na hango faranti ya ratsa kan ƙarfen rumfa, sai na tsaya na yi magana, ko ban san mai jirgin ba. Wasu su gode, wasu su harare ni. Gobara a teku ba ta da maƙwabcin da zai kawo guga, malam.

Abin da nake yi yanzu: kowane faranti sai ya zauna tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ba ya taɓa ko ɗaya. In bai shiga ba, a sayi ƙarami. Ina manna shi a kan fallen roba mai tauri, irin mai bango biyu da ramuka a tsakani da ake rufin rumfa da shi, kaurin milimita 6 zuwa 8, sannan a ɗaura fallen a tamfol, a kuma ja tamfol ɗin ya yi tsam. Wasu abokan aikina suna cewa wannan ƙarin nauyi ne da ɓata kyan rumfa, kuma zif ko maƙale ya isa. Su suka sani. Ni dai ba na sa hannuna a aikin da babu wannan falle.

Ramukan fallen suna da wani amfani kuma, don iska na bi ta ciki, kuma zafi shi ne abu na biyu da ke kashe waɗannan farantai. Farantin gilashi a kan ƙarfe yake tsaye, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa. Mai lanƙwasa kuwa an shafe bayansa da gam an danna shi a daɓen faiba, zafin ba shi da hanyar fita. Da tsakar rana ƙwayoyin kan kai digiri 70. Kowane digiri ɗaya sama da 25 yana rage wuta da kusan kashi 0.35 cikin ɗari, ka ga an yi asarar kusan kashi 16 kafin a ce komai, ga ɗakin da ke ƙasa ya ɗauki zafi, firji ya ƙara jan wuta. In dole a manna a daɓe ne, a ja gam ɗin layi-layi da tazara, kada a shafe shi duka. Sikaflex nake amfani da shi. 3M 5200 gam ne mai kyau amma don abin da ba za a sake cirewa ba aka yi shi, farantin nan kuwa wata rana sai an cire shi, don bai kai na gilashi daɗewa ba. Gam ɗin silikon na banɗaki kuma kada ma ya hau jirgin.

Wajen saye, a dubi robar da ke fuskar farantin. Mai ETFE ya fi jure rana da gishiri. Mai PET ya fi sauƙin kuɗi, amma yakan yi rawaya ya dushe, ya fara ɓarewa daga gefe. Araha ba ta ado.

Sai maganar inuwa, kuma a nan ne waɗanda suka koyi aikin sola a kan rufin gida suke shan kunya. A gida kana haɗa faranti siris, ɗaya a bayan ɗaya, bolt ya hau, waya ta yi siriri, kowa ya ji daɗi, saboda rufin gida ba ya juyawa kuma babu abin da ke tsaye a kansa. Jirgin filafili kuwa duk jikinsa abin yin inuwa ne: jigo, sandar da ke kwance a gindin babban filafili, igiyoyin ƙarfe, rada, injin iska, har tutar baya. Ƙwayoyin faranti ɗaya a jere suke, wuta ɗaya ce ke ratsa su duka, saboda haka ƙwayar da inuwa ta rufe ita ke yanke wa sauran hukunci. Akwai diyod a akwatin baya da ke tsallake sashen da ya shiga inuwa, amma a ƙananan farantai sau da yawa biyu ne kacal, wato inuwa mai faɗin tafin hannu ta tafi da rabin faranti. Yanzu ka haɗa na dama da na hagu siris a kwantirola ɗaya, wato na'urar da ke daidaita cajin batir, ka ga abin da ka jawo wa kanka.

Ku duba tafiyar da jiragen nan ke shirin yi. Yamma suka dosa, a watan Disamba, rana tana ta kudu, wato ta hannun hagun jirgi. Da safe tana baya, farantan rumfa suna shan haske. Da azahar na hagu yana cikin rana, na dama sandar filafili ta yanka shi. Bayan la'asar rana ta koma gaba, filafilai sun tare komai. Ko a wurin da aka jefa anga, jirgi juyawa yake da iska, inuwar jigo na share daɓe daga wannan gefe zuwa wancan. Wane irin tunani ne zai sa mutum ya ɗaure faranti biyu da ba sa ganin rana lokaci ɗaya, ya ce su yi tafiya tare? Na sha jin mai jirgi yana zagin kamfanin da ya yi farantin, an cuce shi, an sayar masa da jabu. In je in raba wayoyin, wuta ta dawo nan take, ya rasa abin faɗa.

Tsarina shi ne kowane gefe da kwantirolarsa ta MPPT, irin wadda ke lalubo inda faranti ya fi ba da wuta, in da hali ma kowane faranti da tasa. Ƙananan ba su da tsada in aka kwatanta da wutar da suke ceto. In kuɗi bai kai ba, a haɗa faralel, jan waya da jan waya, baƙa da baƙa, kuma farantan su zama iri ɗaya. Daga uku zuwa sama kowanne a sa masa fis nasa. Abu ɗaya da za a lura: kwantirolar Victron ba ta tashi sai bolt ɗin faranti ya ɗara na batir da 5, don haka a karanta abin da aka rubuta a bayan faranti kafin a saya, musamman in batirin lithiyum ne da ke zama sama da bolt 13. Kuma don Allah in an jefa anga a ja sandar filafilin nan gefe a ɗaure ta. Ba a biyan ko sisi a kan wannan, amma sai ka ga jirgi ya yi mako da sandar a tsakiyar farantai, mai shi yana ta kunna inji don cajin batir.

Waya ma ana wasa da ita. Faranti biyu masu wat 100 faralel suna ba da kusan amfiya 11. Ka tura wannan ta waya mai kaurin 1.5mm² da tsawon mita 10, zuwa da dawowa 20, ka zubar da bolt biyu da rabi a hanya cikin 18. Da wayar 6mm² asarar ba ta kai bolt ɗaya ba. Sannan ta zama wayar jirgi mai silin-silin da aka shafe da kuza, don jan ƙarfe tsirara yakan yi baƙi ya ruɓe a iskar gishiri. Kada a bi da ita kusa da kamfas, tana karkatar da allura.

Fis a jikin batir ake sa shi, ma'aunin Amurka ya ce cikin inci 7. Masu sa shi can kusa da kwantirola sun manta cewa batir ne ke da ƙarfin ƙona waya, ba faranti ba.

Batir ake fara jonawa a kwantirola, sannan faranti, wajen cirewa kuma a fara da faranti. A shiga saitin kwantirola a zaɓi irin batirin da ke jirgin, kada a bar ta yadda ta zo daga kanti.

Wanda zai huda daɓe don shigar da waya ya sani cewa jiragen faiba da yawa akwai katakon balsa a tsakiyar daɓensu. Ruwa ya shiga nan, katakon ya ruɓe, gyaran ya ninka kuɗin sola sau da yawa. A huda rami ya fi girma, a cika da efoksi, ya bushe, a sake hudawa a tsakiyarsa, sannan a ɗora murfin waya mai roba.

Taka faranti da takalmi, ko durƙusawa a kai da gwiwa wajen naɗe filafili, shi ma tsaga ne, ko da an rubuta a kwali cewa ana iya takawa. Ni ba na manna shi a hanyar da ake bi zuwa gindin jigo, don in ya jiƙe santsi gare shi.

Ƙurar Sahara tana zuwa har Kanari, mutanen nan kalima suke ce mata, kuma duk wanda ya san hazon hunturu zai gane ta da gani. In ta haɗu da gishirin teku takan yi ɓawo a kan faranti. Ruwan daɗi da tsumma mai laushi kawai ake sa masa, da sassafe kafin ya ɗauki zafi. Soson ƙarfe da busasshen tsumma suna karce fuskar, ruwan teku kuma in ya bushe wani gishirin yake bari.