Darasi na Tara: Yadda Ake Gane Babbar Lambar Firam

Goro 12 yana rabuwa daidai tsakanin mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. Goro 13 kuwa duk yadda aka kasa shi sai an sami saura, sai fa in mutum ɗaya ne ya kwashe duka, ko mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya. Lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta, ita masana lissafi ke kira firam. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13. Ba a sa 1 a cikinsu.

Ku ɗauki takarda ku rubuta 2, ku yi ta ninkawa: 4, 8, 16, 32, har ku sami lambobi 13 a jere. Ta ƙarshe 8,192 ce. Ku ɗebe 1, saura 8,191. Shin firam ce?

Ƙarshenta 1 ne, don haka 2 da 5 ba su raba ta. Ku tara alƙalumanta: 8 da 1 da 9 da 1 sun ba da 19, wadda 3 ba ta rabawa, kenan 3 ma ta fita. Ku raba da 7: ana samun 1,170, saura 1. Haka za ku bi lambobin firam ɗaya bayan ɗaya har zuwa 89, guda 24 ke nan. Me ya sa a tsaya nan? Masu raba lamba biyu-biyu suke zuwa, ƙarama da babba. Tunda 91 sau 91 ya ba da 8,281, ya zarce lambarmu, da akwai mai raba ta da tuni mun ci karo da ƙaramar. Babu ko ɗaya, saboda haka 8,191 firam ce.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne gaggawa. Ku dubi 2,047, wato 2,048 a ɗebe 1. Ta tsallake 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 19, mai gajen haƙuri sai ya ce shi ke nan. Alhali 23 sau 89 ne cif.

Ana kiran irin waɗannan lambobi, wato waɗanda ake samu in an yi ta ninka 2 sannan aka ɗebe 1, da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya jera su a 1644. A 1772 masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar cewa 2,147,483,647 firam ce, ba kwamfuta ba na'urar lissafi. Wadda aka gano a watan Oktoba na 2024 kuwa alƙalumanta 41,024,320 ne. Rabawa ɗaya-ɗaya ba ta isa can, kwamfutoci ne suka gwada ta da wata dabara daban.

Aikin gida: ku gwada 127 da 511. Ku fara gano inda ya kamata ku tsaya, sannan ku rubuta saurar kowace rabawa.