Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Azurfa da Polima Don Kashe Bakteriya

A ɗakin gwaji ana farawa ne da sinadarin silba naitiret, a zuba masa sodiyam borohaidiraid ko sitiret domin ya koma ƙwayoyin azurfa waɗanda girmansu bai wuce nanomita 100 ba (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita), sannan a cakuɗa su cikin polima, wato sinadari mai dogayen sarƙoƙin ƙwayoyi kamar na roba, irin su kitosan (da ake samu daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa) ko PVA (polima da ke narkewa a ruwa). Sau da yawa aikin yakan lalace tun daga ruwa. Ruwan famfo yana ɗauke da kulorayid, kuma da zarar ya haɗu da azurfa sai haɗin ya yi fari kamar an ɗiga masa madara, azurfar ta tafi a banza. Maganin wannan shi ne tataccen ruwa da kwalabe masu tsabta, a kuma nannaɗe su da takardar alminiyam saboda haske yana ɓata silba naitiret. Shi kuwa borohaidiraid, a narkar da shi nan take cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, domin yana rasa ƙarfinsa idan ya jima a ruwa.

Haɗi mai kyau launinsa rawaya ne, kuma na'urar auna haske tana nuna cewa ya fi shanye haske mai tsawon zango kusa da nanomita 400. Idan ya koma ruwan toka, ƙwayoyin sun dunƙule, saboda haka a narkar da polimar tukuna, sannan a riƙa ɗiga sauran sinadaran sannu a hankali ana juyawa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na gwajin ƙarshe. Kitosan da kansa yana kashe bakteriya, haka ma asid ɗin asetik da ake narkar da shi a ciki, haka kuma ragowar silba naitiret da ba a wanke ba. Mai bincike ya ga fili ya buɗe, wato wurin da bakteriya ba su tsiro ba, kewaye da samfurinsa a kan farantin da aka shuka bakteriya, sai ya danganta shi ga ƙwayoyin azurfa alhali bai tabbatar ba. Wajibi ne a wanke samfurin sosai, a gwada polimar ita kaɗai a gefe, a kuma yi gwajin a kan bakteriya nau'in E. coli da S. aureus duka, tunda bangon jikinsu ya bambanta. Ga fatar roba mai tauri da ba ta sakin azurfa da yawa, wannan fili ba ma'auni ba ne; ƙa'idar ISO 22196, ta ƙasa da ƙasa ta auna kashe bakteriya a kan roba, ta fi dacewa. Abin da za a ɗora a kan rauni kuwa, sai an tabbatar ba ya cutar da ƙwayoyin jikin ɗan Adam.