Yadda ake zaɓar bindiga mai sakata don farautar barewa

Bindiga mai sakata ita ce wadda bayan kowane harbi sai ka ɗaga hannun sakatar, ka ja baya kwanso ya fice, ka tura gaba sabon harsashi ya shiga, sannan ka danna ƙasa ta kulle. Tsarin da Paul Mauser ya fitar a Jamus a 1898 har gobe shi ne tushen yawancinsu. Mafarautan barewa sun raja'a a kanta saboda ba ta da tarkace da yawa, tana jure ƙura da sanyi, kuma tana riƙe saiti. Sabon shiga yakan fara da tambayar wane kamfani ne ya fi. Ajiye wannan tambayar, ita ce ta ƙarshe.

Fara da doka. Bayan lasisin mallakar bindiga da izinin farauta, wurare da dama sun ƙayyade irin harsashin da za a harbi barewa da shi. A Ingila, manyan barewa sai da harsashin da faɗinsa bai gaza inci .240 ba. A jihar Ohio ta Amurka, harsashi mai kwanso miƙaƙƙe wanda bakinsa bai tsuke ba kaɗai aka yarda da shi a irin wannan bindiga, kuma don irin waɗannan jihohin ne kamfanin Winchester ya fito da harsashin .350 Legend a 2019. Kalifoniya kuwa ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun 2019. Kada ka sayi abin da ba za a bar ka ka shiga daji da shi ba.

Sai ka dubi inda za ka yi farautar. A kurmi mai duhu, inda da wuya harbi ya wuce mita 100, gajeren bututu mai inci 20 ya fi sauƙin juyawa tsakanin rassa. A fili fetal, inda barewa ke hango ka tun daga nesa, nemi inci 22 zuwa 24. Nauyi kuma, kilo 3 zuwa 3 da rabi kafin a ɗora madubin hange ya yi daidai. Mai sauƙin nauyi daɗin ɗauka gare ta, amma ta fi dukan kafaɗa.

Daga nan sai harsashi, kuma a nan ne ake yawan yin ɓatan kai. Mutum ya ga .300 Winchester Magnum, ya ce ai gara mai ƙarfi. Harbi biyar, kafaɗa ta yi tsami, ido ya fara runtsewa kafin yatsa ya gama jan kunama, bakin bindiga ya riƙa sunkuyawa. Wannan firgicin idan ya kama mutum yana da wuyar rabuwa, kuma shi ne ke sa a raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale. Barewa ba ta bukatar wannan ƙarfin. Mai ƙaramin jiki ko sabon hannu, .243 Winchester ta ishe shi. 6.5 Creedmoor, wadda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, da 7mm-08 suna da sauƙin duka kuma suna kai nesa. .308 Winchester ta 1952 ita ce ta tsakiya: in za a tambaye ni guda ɗaya, ita zan nuna, don ba inda ba a samun harsashinta. .270 Winchester ta 1925 da .30-06 ta 1906 tsofaffin hannu ne, sun dace da wanda ke da niyyar harbin dabbar da ta fi barewa girma wata rana, sai dai sakatarsu ta fi tsawo kuma dukansu ya ɗan fi. Ko wanne ka zaɓa, ka sayi harsashin farauta mai buɗewa idan ya shiga jiki, ba na harbin takarda ba.

Yanzu ka ɗauki bindigar a hannu, sanye da rigar da za ka yi farauta da ita, domin kaurin riga yana canza yadda gindin ke zama a kafaɗa. Buɗe sakata ka leƙa, ka tabbatar babu harsashi, ko da mai sayarwa ya rantse. Rufe ido, ka kai ta kafaɗa, ka kwantar da kumatu a jikin gindin, sannan ka buɗe ido. Idan sai ka miƙa wuya ko ka ɗaga kai kafin ka ga saiti, ba taka ba ce. Bahago ya nemi mai sakata a hagu, akwai su.

Kana riƙe da ita a kafaɗa, ja sakatar ka mayar da sauri ba tare da ka sauke ta ba. Ta tafi sumul, ko tana cijewa? Wasu, irin su Remington 700, hannunsu na ɗagawa digiri 90, wasu kuma irin su Browning X-Bolt digiri 60 kawai, abin da ke ba babban yatsa wuri a ƙarƙashin madubi. Ana ta musu kan ko sakatar Mauser mai cafke harsashi tun daga gidansa ta fi mai turawa kawai; ga mai farautar barewa musun bai da wani tasiri. Abin da ya fi shafar ka shi ne makullin kunama. Na Winchester Model 70 matsayi uku gare shi, kuma a na tsakiya kana iya fitar da harsashi kunama na kulle.

Da izinin mai ita, gwada kunamar. Mai kyau tana saki ne farat ɗaya, babu jan ƙafa, a nauyin da ya kai kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka kaɗan. Kada ka bari a sassauta ta fiye da kima. Yatsa mai sanyi ba ya jin abin da yake taɓawa.

Ka rage wa madubin hange kaso mai tsoka a kuɗinka, domin barewa da asuba da almuru take fitowa, lokacin da madubin banza ke yin duhu. Mai 3-9x40, wato mai ƙara girman abu sau 3 zuwa 9 da gilashin gaba mai faɗin milimita 40, ya wadatar. A ɗaura shi yadda zai bar tazarar santimita 8 zuwa 10 da idonka, in ba haka ba ranar farko zai tsaga maka gira. Idan duk wannan ya dace, ko ta kamfanin Tikka ce, ko Savage, ko Ruger, ɗauki wadda aljihunka ya iya.

Saura filin gwaji. Daidaita saiti a mita 100, ka gwada harsashi iri biyu ko uku, don kowace bindiga da wanda take so. Ka lura musamman da inda harbin farko ke faɗawa tun bututu na da sanyi, shi ne wanda za ka yi a daji. Sannan ka bar tebur, ka harba a durƙushe, a zaune, da kan sandar jingina. Zuciya da huhun barewa faɗinsu wajen santimita 20 ne; zana da'ira mai wannan girman, ka riƙa matsawa baya. Inda harsashi ya fara fita daga da'irar, komo gaba kaɗan ka rubuta nisan, shi ne iyakar nisan da za ka yi harbi a daji. Nau'in harsashin da ka yi saiti da shi kuma ka sayi kwalaye da dama, don ranar da ka canza sai an sake saiti daga farko.