Masu haƙar burtsatse, kar ku jira bit ya mutu kafin ku wasa shi

'Yan'uwa, ku riƙa duba haƙoran bit ɗinku, wato kan ƙarfen da ke fasa dutse a ƙasan rami, bayan kowace rijiya.
Da zarar kan haƙori ya baje har ya kai kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa, a kai shi wasawa.

Haƙorin da ya dakushe ba ya fasa dutse, gugarsa kawai yake yi. Hamar da ke buga bit tana ta duka, kwamfuresa mai ba ta iska tana shan dizal, rami bai motsa ba. Na taɓa kwana biyu kan marmara a wajen Wamakko saboda wannan ganganci.

Haƙoran nan kabayid ne, wato wani irin ƙarfe mai tsananin tauri, dutsen wasa na gama-gari ba ya cin su. Sai mai ƙurar daimon, ana yi ana zuba ruwa a hankali. In haƙorin ya riga ya yi zafi jau, kar ka tsoma shi cikin ruwa, tsagewa zai yi. Ka ɗan rage ƙarfen da ke kewaye da haƙorin don ya fito, ka kuma zurare ramukan iska.

Amma fa in haƙoran gefe sun cinye ko sun zube, ko gindin bit ɗin ya tsage, bar shi. Walda ba ta riƙe shi, a cikin rami zai bar ka.